Wuƙar da Ta Rage Nauyi

Karo na huɗu ke nan Ma'auni yana ɗora wuƙar a tafin hannunsa yana jinjina ta, kuma duk jinjinawar da ya yi sai fuskarsa ta ƙara haɗewa. Ƙotar baƙa ce kamar yadda ya san ta. Tambarin kamfani yana nan a gindin ƙarfen. In ya danna da babban yatsa ta buɗe, in ya naɗe ta koma gidanta. Amma sakayau take. Wuƙar da ya ba ƙanensa aro ranar Litinin ta fi wannan nauyi, ko a gaban alƙali zai maimaita.

Ba don wasa 'yan layin suka laƙa masa wannan suna ba. Shekara talatin da ɗoriya yana sayar da kayan gyaran mota a shago ɗaya. Miƙo masa filogi ko boris idonsa a rufe, zai jinjina sau biyu ya gaya maka na asali ne ko jabu. Dokarsa ɗaya ce, yaran makanikai ma sun haddace ta: na asali da nauyi, jabu shafal. Kuma mutum ne da zargi ya zame masa jiki. Ko gaishe shi ka yi da fara'ar da ta wuce ta jiya, sai ya wuni yana lissafin abin da kake nema.

Wuƙar kuwa ba ta banza ba ce. Babban ɗansa, wanda ke aiki a wani kamfanin magunguna a wani gari mai nisa, shi ya kawo masa ita bara, a cikin kwalinta mai laushin ciki. Tun daga ranar, babu wanda ya zauna a bencin shagon bai sha labarinta ba. Ɓare lemo da yanka igiyar kwali kawai take yi, amma yadda yake zaro ta daga aljihu ka ce takobin gado ce.

Sai ga ƙanensa, mai gyaran takalma, ya zo ranar Litinin yana sosa ƙeya, wai tasa ta dakushe, ga wata fata mai tauri a gabansa. Mai gyaran takalman da ke da wuƙaƙe sun fi goma? Ma'auni ya ba shi, amma bai so ba. Jiya da la'asar ya dawo da ita, ko zama bai yi ba, ko haɗa ido bai yarda sun yi ba.

Shi ya sa da safe, kafin ya fito, ya gaya wa matarsa cewa daga yau kada ƙanen nan ya sake taka masa ƙofar gida.

"Uwa ɗaya uba ɗaya, a kan wuƙa?" in ji ta.

"Ba wuƙa ba ce, raini ne. Ni za a yi wa musanya? Ni?"

Mai sayar da taya, maƙwabcin shagonsa, ya leƙo ya gan shi yana ta juya abin. Da ya ji labari sai ya gyara tsayuwa, don shi ma ba ya ƙin a yi rigima in dai ba da shi ba ce.

"Ai irinta sun cika kasuwa," ya ce. "Har tambarin suke bugawa. Amma kafin ka je ka tsinka zumunci, kai wa tsohon nan mai washi ya duba. In ya ce jabu ce, kana da shaida."

Ma'auni ba ya son a ce wani ya fi hannunsa sani. Amma kalmar shaida ta yi masa daɗi. Ya ja ƙofar shagon, ya sa kwaɗo biyu, ya jijjiga kowanne, ya tafi.

Mai washi yana can ƙarshen layin mahauta, ƙarƙashin wata tsohuwar laima, ƙafarsa a kan feda, dutse yana juyawa. Almakasan teloli ne jere a gabansa, gefe kuma ga faranti cike da ƙananan wuƙaƙen sayarwa. Ma'auni ya ajiye tasa a kan katako.

"Baba, duba mini wannan jabun. So nake ka faɗa da bakinka."

Tsohon ya tsai da feda, ya goge hannu a riga. Ya buɗe wuƙar, ya kama tsinin da yatsa biyu ya girgiza hagu da dama, ko motsi ba ta yi ba. Ya naɗe ta, ya kanne ido ɗaya ya leƙa yadda ƙarfen ya kwanta a tsakiyar ƙota. Ya sake buɗewa, ya shafa kaifin a damtsensa, gashi ya zube. Sannan ya ɗan taɓa bayan ƙarfen a jikin dutse, ya kalli tartsatsin.

"Wa ya ce maka jabu ce?"

"Hannuna."

"To hannunka ya yi maka ƙarya. Wannan ta asali ce. A shekara ba na ganin irinta ya wuce sau biyu."

Ma'auni ya ƙura masa ido. Nan take zuciyarsa ta ba shi cewa ƙanen ya riga shi zuwa. Ai nan yake kawo wuƙaƙensa washi, sun san juna sarai.

"Wani ya zo nan kafin ni ko?"

"Mutane da yawa sun zo kafin kai, Malam. Kasuwa ce."

"Ba ta da nauyi, Baba. Abin asali ba ya rasa nauyi."

Tsohon ya yi dariya har da tari. "A kayan mota ke nan. Wuƙar aljihu kuwa rashin nauyin ake saya. Ƙotar wannan wani irin ƙarfe ne mai tsada, ga ƙarfi ga sauƙin ɗauka. Masu kwaikwayo ba sa iya sayensa, sai su zuba ƙarfen banza su shafa baƙin fenti." Ya tona cikin farantin, ya zaro wata, ya ɗora masa a hannu. "Ga jabunta nan. Jinjina."

Ma'auni ya jinjina. Sau ɗaya ya isa. Wannan nauyin ya sani, shi ya shekara yana ja masa aljihun riga ƙasa. Har ɗan karkacewar da tsinin ke yi zuwa hagu in an naɗe, wadda ya ɗauka haka kamfani ya tsara, tana nan. Ya ajiye ta kamar ta ƙona shi.

"A wasa maka taka?" in ji tsohon. "Ko da yake ba ta buƙata."

Ma'auni ya ɗauki tasa ya juya.

A cikin motar haya zargin bai kwanta ba, wuri kawai ya sauya. To, musanya dai an yi, hannunsa bai yi ƙarya a nan ba. Amma wane irin ɓarawo ne zai ɗauki jabu ya ajiye ta asali? Me ƙanen yake nema a wurinsa? A ina ma mai gyaran takalma ya samo irin wannan? Ko ta sata ce aka sa masa a aljihu don a ja masa magana? Akwai tambaya ɗaya da ta fi waɗannan duka kusa, amma duk lokacin da ta taso sai ya mai da kansa ga taga.

Rumfar ƙanen tana jikin katangar wani asibiti. Warin gam, tarin takalma marasa 'yan'uwa, shi kuma yana zaune da ƙusoshi uku a baki yana buga dunduniya. Da ya hango yayansa sai gudumar ta tsaya a sama.

"Yaya, sannu da zuwa. Ga kujera."

"Ba zama na zo yi ba. Ina wuƙata?"

Ƙanen ya tofar da ƙusoshin a tafinsa. "Ba na kawo maka jiya ba?"

"Ka kawo mini wata. Na je wurin mai washi. Kada ka sa in faɗi abin da ba ya ɗaukuwa a gaban mutane."

Ƙanen ya ajiye takalmin da ke cinyarsa. Ya ja durowa, ya ɗaga wani ƙyalle, ya fito da ita. Ga ta nan, har da tabon lemo a gindin ƙarfen.

"Ya sa na yi alkawari ba zan gaya maka ba."

"Wa?"

"Ɗanka mana, Yaya. Wa kuma?"

Ma'auni ya dubi kujerar, amma ya ƙi zama.

"Bara da ya zo, wata huɗu ke nan da sallamarsa daga aiki," in ji ƙanen. "Bai gaya wa kowa ba sai ni. Kuma ya riga ya yi maka alkawarin wuƙar tun a waya, kai kuma ka riga ka sanar da duk layi. Sai ya sayi waccan a bakin tasha. Yanzu ya samu wani aikin, ta asalin ce abin da ya fara saya. Ya aiko mini, ya ce in san dabarar da zan yi."

"Shi ba shi da baki? Ni dodo ne?"

Ƙanen ya ci gaba da maganarsa.

"Ya ce ranar da ya miƙa maka, ya ga ka jinjina ta sau biyu. Ya koma yana jiran ka kira ka wanke shi tas. Sati ya wuce, wata ya wuce, sai labari yake ji kana nuna ta ga mutane kana sa masa albarka. Ya ce, Kawu, Baba ya gane tun a ranar, hannunsa ba ya kuskure. Rufa mini asiri kawai yake yi. Yana faɗa yana kuka, babban mutum da shi. Ya ce bai taɓa sanin kana son sa haka ba."

Wata mata ta zo da takalmin da maɗaurinsa ya tsinke, ta dube su, ta ajiye ta ce za ta dawo. Ma'auni yana tsaye, wuƙa ɗaya a kowane hannu, ya rasa wadda zai sa a aljihu. Kunya ta kama shi irin wadda rabonsa da ita tun yana saurayi.

"Ni ma abin ya tsaya mini a rai," in ji ƙanen a hankali. "Ka gane ɗin, Yaya?"

Ƙarya tana nan a kan harshensa, a shirye, kuma babu mai iya kama shi. Ya dubi ƙanensa, wanda da safiyar nan ya hana shi shiga gidansa, shi kuwa bai ma sani ba.

"Ban gane ba," ya ce. Muryar ta fito ƙasa-ƙasa. "Da na gane, da na kira shi. Da na yi masa duk abin da yake tsoro."

Ƙanen ya gyaɗa kai.

"Kada ka gaya masa," in ji Ma'auni.

"Ku biyun nan kun mai da ni akwatin ajiya," in ji ƙanen. Ya sa ƙafa ya turo masa kujerar, wannan karon Ma'auni ya zauna.