Lasifikar Hagu

Tawada na durƙushe a bayan kabad, yana laluben ramin da jar waya za ta shiga, lokacin da ya hango gefen akwati ta ƙofar ɗakin kwana. Babban akwatin ne, wanda ba a saukowa da shi daga saman wadirob sai in tafiyar mai nisa ce. Ya tsaya da wayar a hannu yana kallonsa, kafin ya mayar da kansa cikin ƙura.

Da safe matarsa Malama ta ce masa za ta je gidan Yaya ta huta kwana biyu, Yayar tata za ta zo da mota da yamma. Bai yi musu ba. Amma mai kwana biyu ba ya kwashe takalmansa duka, ba ya kuma cire hoton jikoki daga bango. Tawada ya ga wannan, ya gane, tsoro ya kama shi, kuma maimakon ya buɗe baki ya yi magana sai ya ɗauki garmaho ya nufi shagon Mai Rediyo.

Haka yake. A maɗaba'ar da ya tsufa yana aiki, inda aka laƙaba masa wannan suna saboda faratansa ba su taɓa rabuwa da baƙi ba, in injin ya yi tari shi ake kira. Mutum kuwa in ya yi fushi, Tawada bai san ta ina ake kwance shi ba. Watanni ke nan Malama tana janyewa, tana amsa masa da kalma ɗaya. Sau ɗaya ta taɓa cewa, "Ka mayar da ni kujera a gidan nan," shi kuma ya rasa abin da ya yi, don bai san ya yi komai ba.

Abin da ya sani shi ne fayafayan garmahon nan. Tun suna amarci suke tara su, kuma akwai guda mai koren bango wanda in aka ɗora shi Malama ba ta iya zama shiru, sai ta bi waƙar ko tana tsakiyar duba littattafan ɗalibanta. Da tsohuwar na'urarsu ta mutu, ya sayo wannan ƙaramin garmaho mai araha, mai 'yar lasifika ɗaya a gaba, wanda ke fitar da murya kamar ana waƙa a cikin gwangwani. Tun daga nan sauraro ya ja baya. Tawada ya ƙudurta a ransa cewa in ya dawo da sautin yadda yake a da, ya ɗora mai koren bangon, ƙila ta fito falo da ƙafarta.

Mai Rediyo ya juya garmahon, ya taɓe baki. "Wannan ai na yara ne, yallaɓai. Amma ba ya rasa ceto." Ya cire allurar ya sa sabuwa, ya canza bel ɗin da ya saki, ya haɗa masa da tsohuwar amfilifaya mai nauyi da lasifika biyu, da wani ɗan akwati da zai ɗaga sautin kafin ya shiga amfilifayar. "Ja dama, fara hagu. Wannan siririyar kuma ka ɗaure ta a ƙusar baya, in ba haka ba ƙudan zuma za ka kai gida."

Ƙudan zuman kuwa ya samu, don ya manta siririyar. Yana kunnawa falon ya cika da ƙugi. Ya koma bayan kabad, ya ɗaure ta, ƙugin ya ɗauke ɗif. Ya goge faifan da gefen rigarsa, ya sauke allurar a hankali, ya ja kujerar katako zuwa tsakiyar ɗakin ya zauna yana fuskantar lasifikun.

Sautin ya zo da faɗi da nauyi, har da wani kaɗe-kaɗe can ƙasa da ya manta yana cikin waƙar. Sai da tsigar jikinsa ta tashi. Amma daɗin bai daɗe ba. Komai daga dama yake fitowa. Lasifikar hagu tana yi, sai dai kamar an lulluɓe ta da bargo.

Ya kira Mai Rediyo a waya.

"Ka ba ni mai ciwo," ya ce. "Ta hagu ba ta da rai."

"A gabanka fa na gwada su."

"To a gidana ta mutu."

Mai Rediyo ya yi dariya. "Kwantar da hankalinka. Kada ka taɓa abu biyu lokaci guda. Fara musanya ja da fara. In ciwon ya koma dama, garmahon ne. In ya tsaya a hagu, musanya lasifikun. In nan ma bai motsa ba, amfilifayar ce, dawo min da ita in ba ka wata. Ciwo ba ya ɓuya, bin mai shi yake duk inda ya je."

Wannan irin aiki Tawada ya iya shi, haka yake farautar matsala a injinsa. Ya musanya ja da fara, ya dawo kujera. Hagu dai. Ya kinkimi lasifikun, ya kai ta dama hagu, ta hagu dama, yana haki, ya sake zama. Hagu dai. Ya murɗa maɓallin da ke karkata sauti gefe guda, ya ƙara ƙarfi, ya ƙara, har gilashin kabad ya fara rawa, yana zagin amfilifayar a ransa.

Bai ji shigowarta ba. Sai da ta buga bayan kujerar da tafin hannu.

"Baban yara, maƙwabta za ka tara mana?"

Ya miƙe ya juyo. Malama na tsaye a bayansa, ta riga ta sa kayan fita, mayafi a kafaɗa. Ya yi sauri ya rage sautin, ya dawo ya tsaya a gabanta, bayansa ga lasifikun.

"Naki ne na ɗora," ya ce. "Mai koren bango."

"Na ji. Duk layin nan sun ji." Ta dubi wayoyin da ke warwatse a ƙasa. "Tun safe kake rarrafe. Ƙarfe ya yi ɗan nishi ka ji shi, har ka kira masa likita. Ni kuwa in yi ta magana a gefenka kamar mai yi da bango."

"Yaushe kika yi magana ban amsa ba?"

"Kar ka sa in fara lissafi. Wancan makon, a kan doguwar kujerar can, kana riƙe da jarida, na faɗa maka abin da ban faɗa wa ko Yaya ba. Ko kanka ba ka ɗaga ba. Ka juya shafi."

Tana cikin magana wani abu ya ja hankalinsa. Lasifikar da ke kusa da taga, wadda ya gama yanke wa hukuncin mutuwa, tana rera waƙa tangaram. Ta kusa da ƙofa ce yanzu aka lulluɓe da bargo. Bai taɓa waya ba, bai taɓa maɓalli ba. Abu ɗaya ne ya juya a ɗakin.

Ya juya ya fuskanci lasifikun. Ta taga ta dushe. Ya sake juyowa. Ta taga ta farfaɗo, ta ƙofa ta dushe.

"Ka gani ko?" Malama ta ce. "Ina maka maganar da ta hana ni barci, kana juyi kamar fanka. Allah ya ba ka haƙuri, ni na gaji."

Ta koma ɗaki. Tawada ya tsaya a tsakiyar falon. A hankali ya ɗaga yatsa ya toshe kunnensa na hagu, waƙar ba ta ragu da komai ba. Ya sauke, ya toshe na dama. Duniya ta tafi can nesa, kamar ya nutse a ruwa.

Ya nemi kujera ya zauna. Ya tuna inda yake tsayawa a wurin aiki, kafaɗarsa ta hagu ga babban injin, tun gashinsa na baƙi. Ya tuna yadda ya koma ɗaukar waya da hannun dama ba tare da ya taɓa tambayar kansa dalili ba, da yadda ya riƙa cewa matasan yanzu ba sa buɗe baki in suna magana. Ƙaramin garmahon nan mai lasifika ɗaya bai taɓa tona masa asiri ba. Sai ya dubi doguwar kujera. Wurinsa na can, inda katifar ta lotsa. Nata kuwa a hagunsa yake, tun ranar da aka shigo da kujerar gidan. A gado ma haka, a hanya ma haka.

Abin da ya fi cin ransa ba kunnen ba ne. Malama mai ƙarfin murya ce, ta saba da aji mai hayaniya. In tana neman makulli ko tana faɗan an bar famfo a buɗe, ko kurma zai ji. Maganar da take sassauta wa murya ita ce wadda ta fito daga can ciki. Ke nan ya ji duk faɗanta, sauran kuma sun zube a ƙasa, bai ma san yawansu ba.

Ya ɗaga allurar, ya shiga ɗaki. Tana zaune a bakin gado tana fama da zif ɗin akwati.

"Malama, ina roƙon abu ɗaya. Zo nan gefen ki yi min magana a hankali."

"Wasa za mu yi?"

"Kunnen nan ba ya ji. Yanzu na gane."

Ta dube shi sama da ƙasa, kallon da take yi wa ɗalibin da ya ce akuya ta cinye masa aikin gida. "Yau kuma kunne ne. Da mota na hanya."

"Gwada ni. Faɗi abin da kin san ba zan iya yin shiru a kai ba."

Can ta tashi, ta zagayo hagunsa. Ya kafe idonsa a kan ƙofar wadirob. Ya ji ɗumin numfashinta a wuyansa, ya ji wani ɗan gunaguni kamar rediyon maƙwabta, amma ko kalma ɗaya bai kama ba. Ta yi shiru, ta leƙo fuskarsa. Ta sake matsowa ta faɗi wani abu, wannan karon ya fi tsawo. Da ta sake leƙowa, ya ga ta sa hannu ta rufe bakinta.

"Me kika ce?"

Ta zagaya ta bayansa, ta tsaya a damansa, ta yi magana da wannan ƙaramar muryar da ya ɗauka ta daina amfani da ita tun tuni.

"Na ce likita ya ji wani ƙullutu a ƙirjina. Sun ɗebi kaɗan za su duba. Shi na faɗa maka wancan makon, na ce ka raka ni. Ni kaɗai na je."

Tawada ya zauna a bakin gadon. Ya so ya ce ta yafe masa, ya so ya ce bai ji ba, amma duka biyun ta riga ta sani. Ya hango ta a ransa zaune a layin asibiti ita kaɗai da jakarta a cinya, tana tunanin mijinta ya ji ya juya shafi.

"Yaushe za a ba da sakamakon?"

"Litinin."

"Tare za mu je."

"Akwai likitan kunne a saman benen," ta ce, tana goge ido da bakin mayafi. "Sai mu yi layi biyu."

"Na biyun fa? Kin yi magana sau biyu."

"Wannan ya wuce ka. Ka yi asararsa."

Hon ɗin mota ya yi ƙara a waje. Tawada ya waiga wajen ƙofa, ita ta waiga wajen taga.

"Yaya ce," ta ce.

Ta gyara mayafinta ta fita, ba ta taɓa akwatin ba. Ya bi bayanta zuwa falo ya tsaya. Bai san ko ta je ta kira Yaya ta taya ta ɗaukar kaya ba ne. Sai ya koma gaban amfilifayar, ya mayar da maɓallin da ya karkatar zuwa tsakiya, ya rage ƙarfin, ya sauke allura a farkon faifan. Ya je ya zauna a wurinsa na kullum.

An daɗe ana magana a bakin ƙofar gida. Ya ji muryar Yaya ta tashi, ta sauka. Daga baya ya ji an tayar da mota.

Malama ta shigo ita kaɗai. Ta rataye mayafin a bayan kujerar katako, ta tsaya tana sauraro, kanta a ɗan karkace.

"Duka biyun suna yi lafiya lau," ta ce. "Ka kira bawan Allahn nan ka ba shi haƙuri."

"Zan kira."

Ta zo gaban doguwar kujera, ta dubi wurinta, ta dubi nasa. Sai ta taɓa gwiwarsa da bayan hannu.

"Matsa can."

Ya matsa. Lotsawar wurinta ta yi masa kaɗan, bai zauna daidai ba. Ita kuwa ta nutse a nasa, a damansa, ta jingina. Da waƙar ta kai inda ta saba shiga, ta fara binta ƙasa-ƙasa, da kyar leɓɓanta ke motsi, kuma ya ji ta.