Ɗakin da Ya Shigo Allon Tela

Shagon Tela yana gefe ɗaya na titi, ɗakin ajiyar yadinsa kuma yana tsallake. Da ya so a sa masa kyamara a can, sai mai haɗawar, wani dogon mutum da kowa ke kira Injiniya, ya ce waya ba za ta ƙetare titin ba, manyan motoci za su tsinke ta. Ya kafa wani ɗan akwati mai eriya a can, ya kafa ɗan'uwansa a nan kusa da allon kallo. Tela ya yi ta tambaya yadda hoto zai bi iska bai zube a hanya ba. Injiniya ya ce ai kamar rediyo ne, sai dai wannan ido yake aikowa maimakon murya.

Abu ya tafi daidai, har wata rana da hantsi allon ya yi ƙyaf-ƙyaf. Da ya washe, babu yadi ko ƙyalle. Sai wani ɗaki mai koren labule, da wani tsoho a kujera yana ɓare lemo, mage na kwance a ƙafarsa.

Tela ya tsayar da keken ɗinki, ya goge tabarau, ya sake dubawa. Tsohon na nan, har ya miƙa wa magen ɓawo ta kau da kai.

Ya buga wa Injiniya waya. Wannan ya yi dariya, ya ce wani ne a kusa yake da irin na'urar, tashoshinsu suka zo ɗaya, kuma ba zai yi nisa ba, don abin ba ya cin dogon zango. Gobe zai leƙo.

Tela ya rufe allon da ƙyalle, don leƙen ɗakin mutane ba ɗabi'arsa ba ce. Amma zuciya ta ƙi zama. In shi yana ganin tsohon, to wanda ya sa kyamarar me yake gani? Kuma ba a ɗora wa tsoho ido haka kawai. Ya kulle shago, ya zaga bayan gini yana ɗaga kai taga bayan taga, har ya hango koren labule a bene.

Da ya hau ya ƙwanƙwasa, tsohon ne ya buɗe ƙofa da kansa, yana dogara sanda. Tela ya gaishe shi, ya yi ta kame-kame kafin ya faɗi abin da ya kawo shi. Suna tsaye sai ga wata mata ta hawo da sauri tana haki, sanye da farar rigar aiki. 'Yarsa ce, mai kantin magani da ke manne da ɗakin ajiyar Tela. Ta ce tunda Baba ya faɗi a banɗaki ta sa aka haɗa mata kyamara don ta riƙa ganinsa daga kanti, yau kuwa tana dubawa sai ta ga yadi jibge har rufi, ta rasa inda uban nata ya shiga.

Tsohon ya dube su ɗaya bayan ɗaya.

"Wato tun safe babu mai gadina?"

"Akwai, Baba," in ji Tela. "Sai dai an yi canjin ma'aikata."

Tsohon ya yi dariya har da tari. Ya hana su tafiya, wai sai an fahimtar da shi yadda ya fita ta bango da kujerarsa bai ji a jikinsa ba. Tela ya maimaita bayanin rediyo iya abin da ya riƙe, 'yar tana gyara masa.

Washegari Injiniya ya raba tashoshin cikin ɗan lokaci, amma bai samu fita daga ɗakin tsohon da wuri ba. Tsohon ya zaunar da shi, ya sa ya kwance akwatin a kan tebur, yana nuna kowane ƙaramin abu da yatsa yana tambayar aikinsa.