Ƙarfen da Ba a Yi wa Fenti

Mai Fenti bai gama wanke buroshi ba ya hango Direba, maƙwabcinsa mai jirgin fito, yana gangarowa bakin ruwa, dafe da katanga, bargo a kafaɗa. Mutumin da likita ya sallamo ya ce a kai shi gida kawai a ci gaba da addu'a.

"Maƙwabci, wa ya tashe ka?"

"Kai ne. An ce ka yi wa jirgina kwalliya."

Da ma alheri Mai Fenti ya nufa. Tun da Direba ya kwanta, 'yarsa ce ke ƙetarar da fasinja ita kaɗai. Shi ne Mai Fenti ya ce bari ya faranta wa tsoho rai, ya shafe jirgin da shuɗi tas, har mariƙin da injin ke rataye a jikinsa. Shi dai in ya riƙe buroshi, ko akuya ce ta tsaya kusa sai ta sha fenti.

Direba ya durƙusa da kyar a bayan jirgin, ya kankare fentin da ke kan wani ɗan ƙarfe da farce.

"Wannan an ɗaura shi ne don ruwa ya ci shi ya bar mariƙin. Ka sa masa riga. To yanzu ruwa me zai ci?"

Kunya ta rufe Mai Fenti. Garin neman gira, saura kaɗan a rasa ido.

Direba ya kwance murfin ƙasan mariƙin, ruwa ya tsiyayo, ya yi ta zuba. Ashe notocin sun daɗe suna yoyo. Ana haka 'yar ta iso tana haki.

"Baba, don Allah mu koma gida."

"In koma in miƙe ƙafa, inji ya ɓalle miki a tsakiyar ruwa da mutane? Mutuwa ta bi layi kamar kowane fasinja. Miƙo sufana."

Ya kama noti, ya yi, ya yi, hannun ya ƙi. Ya danƙa mata sufanar. Ita ta kwance, ta goge, ta matsa gam a kowane rami, ta ɗaure. Mai Fenti ya tallafi Direba ta baya, yana jin ƙasusuwansa ta cikin bargo. Daga aljihu tsohon ya zaro sabon ƙarfe, ita ta ɗaura.

"Ƙara matsewa. Yauwa. In kin ga ya cinye rabi, ki sauya. Mai Fenti kuma kada ki bari ya matso da gwangwanin fentinsa."

A goye Mai Fenti ya mai da shi gida. Tsohon bai kai la'asar ɗin washegari ba.

Bayan an share makoki, Mai Fenti ya gangara da safe, hannu a aljihu. 'Yar ta cika jirgi ta tayar da inji. Kafin ta juya ya leƙa bayan jirgin: shuɗi ko'ina, sai ɗan ƙarfen nan tsirara, ruwa ya fara yi masa ƙananan ramuka.