Ranar da Babu Tarko

Alli na hannunta, amma hankalinta na kujerar baya, inda Farfesa, shugaban sashen lissafi, ya harɗe ƙafa yana kallonta ta saman gilashi. Daga bakinsa za a ji ko za a bar mata ajin 'yan shekarar farko ko a ƙwace. Ita kuwa tana son ajin nan kamar ranta.

Ɗalibai Malama Tarko suke kiranta, ba a banza ba. Kullum sai ta ɓoye kuskure guda a allo da gangan, kuma ba mai fita sai an kamo shi. Bincikenta na digirin digirgir a kan lambobin nan ne masu taurin kai, irin su bakwai da sha ɗaya, waɗanda ba sa rabuwa sai da ɗaya ko da kansu. A can ta koyi ƙin yarda da kowane layi sai ta ƙwanƙwasa shi. Amma yayanta ya ja mata kunne da safe, wai kada ta kuskura ta yi wannan wasa gaban manya, za a ce ba ta iya ba. Ta ji tsoro, ta bi maganarsa.

Ta rubuta hujjar cewa lambobin nan ba su da ƙarshe, tsaf, ba ko ɗigon kuskure. Ta ce a tashi.

Ina! Ko motsi ba wanda ya yi. Kawuna a sunkuye, ana ta bin layi ɗaya bayan ɗaya, ana musu ƙasa-ƙasa. Can sai Shiru-shiru, wata yarinya da ba a taɓa jin muryarta a aji ba, ta ɗaga hannu.

"Malama, yau kin yaudare mu. Babu kuskure."

Malama Tarko ta so ta ce haka ne, a wuce wurin. Sai bakinta ya riga ta: "Ta yaya kika sani?"

Yarinyar ta fito, ta karɓi alli. Ta bi layukan tun daga sama, tana faɗin dalilin da ya sa kowanne ya tsaya da ƙafarsa. Inda ta yi tuntuɓe, 'yan ajin suka tallafe ta. Malama Tarko ta jingina da bango, daɗi ya cika ta har ta manta da kujerar baya.

Da aka watse, Farfesa ya taso a hankali. Sai ta hango takardar hannunsa: ashe shi ma hujjar ya kwafe, ya bi ta da jan biro yana farautar kuskure.

"An ba ni labarin tarkon nan naki," in ji shi, fuska ba yabo ba fallasa. "Na zo takanas, kika hana ni."

Ta buɗe baki za ta ba da haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Mako mai zuwa ki ɗana shi. Ki ajiye min kujerata."