Bencin Bayan Jirgi

Tun jirgin ruwan bai saki gaɓar Helsinki ba Raija ta sallami 'ya'yanta tagwaye. Ta miƙa wa tagwayen katin buɗe ɗaki, ta ce kada wanda ya hau shingen ƙarfe, kada kuma ta ga ƙeyar kowa sai lokacin cin abinci. Kafin ta rufe baki sun yi layar zana. Sai ta juyo kan ƙanenta.

"To kai fa, Ilpo? Goya Hilla za ka yi har Stockholm?"

 Shi Ilpo dama magana tsada take masa. Ya dubi 'yarsa da ke tsaye jikin taga, hannuwa cikin aljihun rigar sanyi, tana kallon ma'aikata suna kwance igiyoyi. Shekararta goma sha uku, ta yi tsawo a bana har ya rasa yadda zai riƙa rungumarta.

Abin da ke cin sa kowa a gidan ya sani, ba dai mai faɗa. Tun da suka rabu da Marjut, uwar yarinyar, mako nan mako can Hilla take yi. Yanzu Marjut ta sami aiki a Oulu, can arewa, tafiyar yini a jirgin ƙasa. Zancen mako-mako ya ƙare ke nan. Yarinya mai shekarunta kuwa ba a yanke mata wurin zama sai an ji ta bakinta, kuma ranar Litinin, da sun dawo, za ta zauna gaban matar ofishin kula da iyali ta faɗi inda take so. Ilpo yana son ta zaɓe shi, so irin wanda ke hana mutum haɗiyar abinci. Amma ko da wasa bai taɓa ce mata haka ba.

Mu mutanen ƙasar nan haka aka halicce mu, kuma ba yabon kanmu nake ba. In muna ƙaunar mutum sai mu ba shi wuri. Ko a wurin jiran mota kowa nesa da kowa yake tsayawa, in ka ga wani zaune shi kaɗai a bakin ruwa, ladabi shi ne ka kewaye ta wata hanya. Ilpo kuwa ya sha wannan hali har ya ƙoshi. Ga shi ya daɗe yana lura da yadda Marjut ke yi wa yarinyar: kira kan kira, ina kike, da wa kike, kin sa hula? Sai ya ƙulla a ransa cewa shi zai nuna wa Hilla bambanci. Ta ga a wajen babanta ana shaƙar iska.

Ya zaro katin ɗakinsu ya miƙa wa Hilla.

"Ungo. Jirgi naki ne, ki je inda kike so."

Ta karɓa tana jujjuya shi. "Yaushe zan dawo?"

"Duk sa'ad da kika ga dama."

"Abincin yamma fa?"

"Kin san inda teburinmu yake. In kin ji yunwa kya zo."

Ta ɗan jima tana kallonsa. Sannan ta ce, "To, Baba," ta wuce.

"Iye!" in ji Raija. "Yau kuma kai ne sarkin sakin linzami? Ni ko tagwaye sai da na kafa musu doka."

"Ita ba jaririya ba ce, Yaya."

"Oho dai. Zo ka saya mini kofi tun da ka zama gwauro marar aiki."

Da yamma Hilla ta zo tebur a makare, ta tsakuri kifi da dankali, ta ture sauran. Tagwaye suna ta zuba, wai sun ga wani tsoho yana rawa shi kaɗai, wai sun gano inda ake ajiye karnukan fasinjoji. Ilpo ya so ya tambaye ta ita me ta gani. Tambayar ta zo har bakinsa, ya mayar da ita, kada ta ce shi ma ya fara irin na uwarta. Washegari a Stockholm haka suka yini, yara a gaba, Raija tana ciniki da surutu, shi a baya riƙe da ledoji. Sau ɗaya Hilla ta rage tafiya har suka jera, suka yi 'yar tafiya kafaɗa da kafaɗa ba wanda ya ce uffan. Ya ji daɗin wannan ƙwarai, ya ɗauka ita ma haka.

Da la'asar jirgi ya juyo gida, ya shiga ratsa tsibiran nan masu jajayen gidajen katako. Hilla ta ce za ta fita. Ya ce to.

Ƙarya yake, ba to ba ne a ransa. Ya zauna a bakin gado yana kallon jakarta a buɗe da safa ɗaya a ƙasa, ɗakin ya yi masa shiru har kunnensa na ƙara. Ya tuna gidansa ma haka zai koma in ta tafi, ba na mako ɗaya ba, na kullum. Tsoro ya kama shi, tsoro sosai. Ya miƙe ya fita nemanta.

Ya duba shagon alewa, ya duba ɗakin wasannin yara, ya leƙa wurin da matasa ke taruwa suna waƙa da makirufo. Ya hau bene ya sauka bene. Jirgin cike yake maƙil da iyalai, kowa da wanda yake kira, shi kaɗai ke tafe bakinsa a rufe. A ƙarshe ya fito ta benen sama, ya leƙa ƙasa ta bayan gilashin tare iska, sai ga ta. Tana zaune a benci na can ƙarshen jirgi, wurin da ake ganin farin kumfar da jirgi ke bari a baya. Ita kaɗai. Ba waya a hannunta, ba komai. Ta zauna a gefe ɗaya na bencin, ta naɗe ƙafafu.

Ya sauke ajiyar zuciya. Ya koma ciki da sauri ya sayo koko mai zafi kofi biyu, ya nufi matakalar da za ta kai shi wurinta. A taki na farko ya tsaya.

Tunani take, ya ce a ransa. Zancen Litinin take aunawa. In na je yanzu na zauna da kofi a hannu, ai toshiyar baki ce. Za ta ga kamar ina roƙo, nauyina ya hana ta faɗin gaskiyar ranta. Ya janye ƙafarsa ya koma bayan gilashin.

Aikin Ilpo tuƙa injin ɗaga kaya ne a tashar jiragen ruwa. Ya saba yini a ɗan akurkin gilashi can sama, yana kallon mutane ƙanana a ƙasa, yana kiyaye kada komai ya faɗo musu. To haka ya tsaya. Ya lura duk sa'ad da ƙofar da ke bayanta ta buɗe, sai Hilla ta waiga da sauri, in ta ga mai fitowa ta mayar da kai ga ruwa. Kash, baiwar Allah, ya ce, ko nan ma ba za a bar ta ta huta ba. Da ya ji tagwaye sun taho da gudu suna kiran sunanta, shi ya tare su a bakin matakala ya kora su, ya ce kada wanda ya dame ta.

Raija ta same shi a nan, gashinta duk iska ya hargitsa.

"Me kake yi a nan kamar ɗan sandan ciki? Wancan kofin na wa ne?"

Ya nuna mata da haɓa.

"Kai, Ilpo, sauka mana ka zauna kusa da 'yarka."

"Tunani take."

"Ita ta ce maka?"

"Ba sai ta ce ba."

Raija ta leƙa, ta ga yarinya zaune ita kaɗai a bakin ruwa. Duk surutunta ita ma 'yar ƙasar nan ce. Ta ɗaga kafaɗa, ta ce, "Kai ka san 'yarka," ta karɓi kofi ɗaya ta kurɓa ta yamutsa fuska. "Wannan ai ya huce tun tuni."

Tsibirai suka yi ta raguwa har suka ƙare, teku ta buɗe, iska ta ƙara sanyi. Mutanen da suka fito ɗaukar hoto duk suka shige. Hilla ba ta motsa ba, shi ma bai motsa ba. Yatsunsa suka sandare. Amma wallahi a ransa wani irin alfahari yake ji, wai yana yi wa 'yarsa gadin kaɗaicinta, abin da uwarta ba za ta taɓa iyawa ba. Sai da aka yi shelar cin abinci ta tashi, ta share hanci da hannun riga, ta shiga. Shi kuma ya zaga ta wata ƙofa ya riga ta zuwa tebur, ya zauna kamar tun ɗazu yana nan.

"Kin sha iska?"

"Na sha," ta ce, ba ta dube shi ba.

Da safe suka shiga layin sauka. Jirgi ya matse ta tsakanin duwatsun tsohuwar ganuwar nan ta bakin Helsinki, mutane suna ta jan akwatuna, Raija tana can gaba tana faɗa da tagwaye kan hular da ta ɓata. Jakar Hilla tana hannun Ilpo.

"Baba."

"Na'am."

"Oulu zan ce musu."

 Ya gyaɗa kai, don ya riga ya yi wa kansa alkawari ba zai ja da ita ba. "To. Zaɓinki ne."

"Ka gani ko? To. Kullum to." Ta rage murya saboda mutane. "Jiya bayan jirgi na je na zauna. Na ce a raina, in Baba ya neme ni ya zo ya zauna, ko bai ce komai ba, wajensa zan zauna. Har wuri na bar maka a bencin. Jirgi ne fa, Baba, ba daji ba, ina zan shiga da ba za a gan ni ba? Da Mama ce da ta sa an kira sunana a lasifika, na ji kunya, na yi fushi. Kai ko nemana ba ka yi ba."

Nan Ilpo ya ga ƙofa, ya ɗauka ta tsira ce. Maganar ta fito masa da sauri irin yadda bai saba ba.

"Na neme ki, Hilla. Bene-bene na bi. Na gan ki. Ina sama bayan gilashi tun daga farko har kika tashi, ban matsa ko'ina ba."

Ta ɗago ta dube shi.

"Ka gan ni?"

"Na gan ki."

"Kana kallona duk tsawon lokacin nan, ina ta waige kamar mahaukaciya, kuma ba ka sauko ba?"

"Na ɗauka so kike a bar ki."

"Da ma ba ka faɗa mini ba," ta ce.

Aka buɗe ƙofar fita, layi ya motsa, na baya suka fara turowa. Can ƙarshen dogon zauren gilashin Marjut tana tsaye tana ɗaga hannu biyu, tana kiran sunan 'yarta da ƙarfi ba ruwanta da mutane. Hilla ta kama hannun jakarta ta ja. Ilpo ya sakar mata.

Sai da ta yi nisa cikin jama'a ya gane ashe ba da ƙarfi ta ja ba, so take ya riƙe.