Kwano a Gaban Goggo

Likitan bai ɓoye wa Zakiyya komai ba. Ya ce gyambon da ya daɗe a hanjinta ya tsuke wani sashe, dole a yanke shi, amma ba zai sa mata wuƙa a haka ba, domin jikin da ya zube ba ya riƙe ɗinki. Ya ce ta tashi daga kujera ba tare da ta dafa komai ba. Ta yunƙura, ta kasa, ta koma ta zauna. Ya ce ta je ta ci ƙwai da kifi da kunun gyaɗa, kaɗan-kaɗan, duk sanda ciki ya lafa. Ranar da ta miƙe da ƙafafunta, ranar za a sa mata lokacin tiyata.

Ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Malamar kimiyya ce kafin ciwo ya zaunar da ita, ta sha zana hanjin nan a allo da hannunta.

Mijinta Mansir soja ne, an kwashe su daga barikin Shadawanka zuwa daji, shi ya sa mahaifiyarsa, Goggo Habibatu, ta ɗauko ta zuwa gidanta a Tirwun don ta yi jinyarta. Tun ranar biki Zakiyya ta ji dangin miji suna cewa da Fulatanci an kawo musu 'yar boko, za ta zauna gaban surukai tana tauna kamar akuya. Ba su san tana jin yaren ba. Tun daga nan ko ruwa ba ta taɓa kurɓa a gaban Goggo ba, kuma ta ga yadda bakunansu suka mutu.

Ita kuwa Goggo, a wurinta babu abin kunya kamar a bar majinyaci shi kaɗai. Ta shimfiɗa tabarma a gindin gadon, tana jan carbi, tana yi mata fifita. In ta kawo kwano, Zakiyya ta yi godiya, ta ce sai an jima. Sai tsohuwar ta fita alwala take hanzarin haɗiye 'yan lomomi, hanzarin kuma ya murɗe mata ciki ya dawo da su.

Ƙanwarta Humaira ta zo daga Ƙofar Dumi, ta tarar da zoben aure ya koma babban yatsa, a can ma yana lilo. Da Goggo ta fita kawo mata ruwa, Humaira ta matso.

“Yaya, ke ce fa kike zane yara a kan abinci mai gina jiki. Bari in ce wa tsohuwar nan ta ɗan ba ki wuri.”

“In kika buɗe baki, kada ki sake tako gidan nan.”

“To kunyar ce za ta yi miki tiyata?”

“Sun faɗi abin da zan zama tun kafin su san ni. Ba zan ba su gaskiya ina kwance ba.”

Humaira ta tafi tana share ido da bakin hijabi.

Da ranar komawa asibiti ta zo, sai da mai keke ya taimaka aka sauko da ita. Likita bai ma ce ta gwada tashi ba. Ya taɓa dantsenta, fata ce kawai a kan ƙashi. Ya tambayi Goggo me take ci a gida. Goggo ta ce tana dafa duk abin da aka ce, amma ita kam, tsakaninta da Allah, ba ta taɓa ganin bakin yarinyar nan yana motsi ba, irin kunyarta ko a ruga an daina samu. Tana cikin faɗa muryarta ta yi ƙasa, kamar yanzu ne ta ji abin da take cewa. Likita ya ce ba maganar tiyata yanzu, kuma bai ambaci wata rana ba.

A gida Goggo ta dama kunun gyaɗa, ta ajiye a kan cinyar Zakiyya, ta fita, ta ja labule, ta zauna a bakin ƙofa. Ta daɗe tana saurare. Can ta ji ƙarar cokali a siminti.

Ta shiga. Kunu ya ɓata zane, hannun Zakiyya yana kwance a gefe. Ya kai cokalin rabin hanya, ya kasa ƙarasawa. Duk da haka kanta a miƙe yake, idonta a bushe.

Goggo ta wanke cokalin, ta zauna a bakin gado. Ta ja mayafi ta rufe fuskarta, ta juya kai wajen bango, ta miƙo hannu da lalube.

“Ba na ganin ki, 'yar nan. Buɗe baki.”

Zakiyya ta dubi cokalin da ke yawo kusa da kumatunta. Ta kai bakinta gare shi. Ta sha ɗaya, ta sha wani, sai cikin ya murɗa, abin da ya shiga ya dawo cikin roba. Ta jingina da bango har numfashinta ya daidaita, ta goge baki da bayan hannu.

“Goggo,” ta ce, “ɗebo wani.”