Fitilar Taubashina

Ni magini ne, kuma a tsohon garin Agadez magini da ƙafa yake ci. Da ita ake tattake laka, da ita ake hawa soro. Shi ya sa ran da wani ƙarfe mai tsatsa ya huda mini tafin ƙafar dama a ramin kwaɓi, matata Kadidia ta riga ni tsorata.

Ciwon ya ƙi warkewa. Na sha ƙwayoyi har bakina ya koma ɗaci, an yi mini allurai har na rasa gefen kwanciya. Lokotoro, wato likita, ya ce ƙwayar cutar da ta shiga ta saba da magungunan, ba ta jin su. Kadidia ta yi magana da yayanta a Yamai, ya ce in taho a duba ni a can. Har an ɗaure kaya Tijjani ya shigo.

Tijjani ɗan ƙanwar babana ne, wato taubashina, kuma majo ne, shi ke wanke ciwo a wani gidan likita. Tun muna yara babu irin zagin da bai yi mini ba, ni ma ban bar masa bashi ba. Taubashi ba a fushi da shi, haka muka taras.

"Ina za ka da wannan ruɓaɓɓiyar ƙafa, Illiya? Ƴan mota su jefar da kai a Abalak?" Ya ce wasu baƙin lokotoro sun zo da sabon magani suna gwadawa. Ruwa ne mai ɗauke da wasu ƴan ƙwayoyi da ido ba ya gani. A shafa a ciwo, su kwanta kamar masu barci, sai an haska musu wata fitila su farka su ƙone cutar.

Na je. Wata lokotoro ta yi dogon bayani da Faransanci, Tijjani ya juya mini shi a gajarce: magani ne mai kyau, ka yarda? Na yarda mana. Naka sai naka. Na sa Kadidia ta kwance kaya, tana kwancewa tana hararata.

Kowace safiya Tijjani zai shafa ruwan, ya jawo fitila, shuɗin haske ya sauka a ƙafata. Kuma kowace safiya sai ya ce, "Kai dai fitilar banza nake haska maka, ta kirki ta manyan mutane ce." Ni kuwa in ce, "Bawan gidanmu, yi aikinka." Mu yi ta dariya har masu jira a waje su taya mu.

Nana Aisha mai tuyar ƙosai, da muka fara zuwa tare, ciwonta ya kame, ta koma bakin kaskonta. Nawa sai wari, sai baƙi yana hawa yatsu. Na tambayi Tijjani, ya ce jiki da jiki. Kadidia ta sake tayar da maganar Yamai, na daka mata tsawa. Ɗan'uwana na tsaye a kaina, ina kuma zan je?

Ran da asiri ya tonu Tijjani ya tafi biki Aderbissinat. Lokotoron ta buɗe ƙafar, fuskarta ta canza, ta kira wata majo mai suna Asiya ta yi mana tafinta.

"Baba, ta ce za a cire ka daga gwajin. Kamar yadda aka faɗa maka tun farko, ƙuri'a aka yi. Wasu fitilar gaske, wasu mai kama da ita, don a gane ko maganin ne ke aiki. Kai ta biyun ta faɗo maka."

"Wace ƙuri'a, ƴata?"

Asiya ta dubi lokotoron, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. Ni dai abin da ke yawo a kunnena muryar Tijjani ce da dariyata a bayanta. Ashe da wasa ake faɗa wa wawa gaskiya.

Mun je Yamai daga baya. Lokotoron can suka ce da na zo da wuri da wata magana ce. Suka yanke rabin tafin, daga yatsu zuwa tsakiya. Na yi kuka, ba na ɓoyewa, kuma ba duk na ƙafar ba ne.

Bayan mun dawo Tijjani ya zo, da buhun dabinon Bilma a kafaɗa. Ya ce doka ta hana shi faɗin wace fitila ce. Ya ce da ya ambaci ƙuri'a da na ƙi, su kuma masu gwajin mutane suke nema, shi ma ya sa rai ta gasken za ta faɗo mini.

"Kuma ai na gaya maka, Illiya. Kullum ina gaya maka."

Ya faɗa kam. Ya zaɓi bakin da ya san ba zan taɓa gaskatawa ba, ya sauke nauyinsa, ya bar ni ina dariya ƙafata na ruɓewa. Wannan ya fi ƙaryar ciwo.

Sai ya gwada tsohuwar hanya. Ya dubi sandata ya ce, "To, gurgun gidanmu, yaushe za mu yi tsere?"

Na kira Kadidia na ce ta shimfiɗa wa baƙo sabuwar tabarma, ta kawo masa ruwa a kwanon baƙi. Sannan na gyara zama.

"Sannunku da zuwa, Malam Tijjani," na ce. "Mun gode da ziyara. Yaya aikinku?"

Ya tsaya yana jiran zagin da ya saba ji. Ruwan na gabansa, bai taɓa ba, ni kuma na ci gaba da tambayarsa lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, cikin ladabi.